Sanin Gwargwado: Nasiha daga Rayuwar Leoba

 'Ya'yana da jikokina, ku gyara zama, yau nesa za mu je. Labarin wata mata zan ba ku, Baturiya, Kirista, wadda ta bar duniya fiye da shekara 1,200 da suka wuce. Sunanta Leoba. Na san wani a cikinku zai ce a ransa, ina ruwanmu da ita, ba ƙasarmu ɗaya ba, ba zamaninmu ɗaya ba, da yawanmu ma ba addininmu ɗaya da ita ba? To, ba don ku bi aƙidarta na kawo ta ba, kowa da tasa. Na kawo ta ne saboda wani hali da ya yi ƙaranci a wurin masu tasowa, ita kuwa ta riƙe shi tun tana yarinya har ta tsufa: ta san gwargwadon kowane abu. Ta san inda ci ya kamata ya tsaya, da barci, da faɗa, da kusantar masu mulki. Da wannan hali ta shugabanci mutane a ƙasar da ba tata ba, har sarakuna suka riƙa aikawa a kira ta.

An haife ta wajen shekarar 710 a masarautar Wessex da ke kudancin Ingila, kusan lokacin da Ɗariƙu bin Ziyad ya ƙetara da rundunarsa zuwa Andalus a 711. A wancan zamani Ingila ba ta zama ƙasa ɗaya ba tukuna. Ƙananan masarautu ne na mutanen da ake kira Anglo-Saxon, waɗanda kakanninsu suka ƙetaro teku daga yankunan arewacin Jamus da Denmark, su kansu kuma ba su wuce shekara ɗari da 'yan kai da fara karɓar Kiristanci ba. Mafi yawan labarinta ya zo mana ne ta hannun wani malami mai suna Rudolf na Fulda, wanda ya rubuta tarihinta wajen 836 bisa umarnin shugabansa, Hrabanus Maurus. Shi bai riske ta ba. Ya tattara ne daga abin da aka rubuta daga bakin almajiranta mata huɗu: Agatha da Thecla da Nana da Eoloba. Littafin na ɗauke da labaran karama irin na tarihin waliyyai, kuma waɗannan zan faɗe su ne a matsayin ruwayarsa. Mu halin matar muke bi.

Mahaifinta Dynne, mahaifiyarta Aebbe. Sun daɗe ba haihuwa har girma ya kama su. Rudolf ya ce wata rana Aebbe ta yi mafarki ga ƙararrawar coci a ƙirjinta, ta sa hannu ta ciro ta tana kaɗawa. Wata tsohuwar baiwa da ke gidan ta fassara mata cewa za ta haifi 'ya mace, kuma ta ba da ita ga hidimar Allah. Da haihuwar ta tabbata, aka 'yanta tsohuwar. Yarinya na tasawa aka kai ta Wimborne, a yankin Dorset.

Wimborne gida ne na masu zuhudu, wato maza da matan da suka haƙura da aure da tara dukiya, suka tare wuri ɗaya don ibada da karatu da aikin hannu. Matan su ne irin waɗanda yau ake kira sista. Gidan kashi biyu ne, na maza daban, na mata daban, kowanne da doguwar katanga, kuma Rudolf ya ce matan sun kai kimanin 500. Shugabarsu Tetta 'yar'uwar sarki ce, ba ta wasa da doka. Ko bishop ba ya taka sashen mata, sai dai limamin coci ya shigo ya ja ibada ya fita nan take. In wata magana ta waje ta taso, ta taga take ba da umarni.

Akwai wani labari na wannan gida da Leoba da bakinta ta riƙa bayarwa bayan ta girma. Wata 'yar zuhudu ce mai tsananin kiyaye doka, saboda haka aka sha ɗora ta a kan sauran. Ba wanda ya taɓa kama ta da sakaci. Zafi ne matsalarta. Ƙananan 'yan matan suka tsane ta, ita kuma ba ta sassauto ba, ko a kan gadon mutuwa ba ta nemi sulhu da kowa ba. Da aka binne ta, sai 'yan matan suka hau kan kabarin suna tattakawa, suna tsine mata, suna huce haushin da suka daɗe suna haɗiya. Tetta ta zo ta tarar ƙasar kabarin ta lotsa kusan inci 6. Ta tara su, ta yi musu faɗa a kan riƙo, ta sa su azumi da addu'a na kwana uku suna nema wa marigayiyar gafara. Ruwayar ta ce a rana ta uku ƙasar ta taso ta koma daidai.

Ku bar batun ƙasar da ta taso, ku dubi mutanen. Matar nan a ganinta aikin Allah take yi, kuma mai yiwuwa duk dokar da ta tsare daidai ce. Amma ta bar bayanta da zukata masu ciwo, ba ta gyara ko ɗaya ba. Kai da aka ba ka riƙon aji, ke da aka bar miki ƙannenki, kai da aka ɗora a kan yaran shago, ku ji wannan da kyau: ana iya kasancewa da gaskiya a kowace magana, a kuma yi asarar mutanen duka. Ku kuma da aka taɓa gallaza wa, ku dubi abin da Tetta ta yi. Ba ta ce 'yan matan ƙarya suke yi ba, amma ba ta bar su da ƙullin ba, domin ta san wanda ya girma da riƙo, ranar da ya samu iko shi ma haka zai yi. Ina ganin ba banza ba Leoba ta riƙe wannan labari har tsufanta. Ta san abin da zafi ke haifarwa, ta ɗauki wata hanyar.

An ce tun tana ɗaliba tana lura da 'yan'uwanta ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki haƙurin wannan, fara'ar waccan, naci a karatu na wata. Ba ta jira ta samu mutum ɗaya cikakke ta bi ba, domin babu shi. Ta koyi Latin, harshen ilimi na Turai a lokacin, har ta fara gwada tsara waƙa da shi.

Wajen shekarar 732, tana da shekara ashirin da 'yan kai, ta rubuta wata wasiƙa da har yau tana nan. Ita ce kaɗai rubutunta da ya iso gare mu. Ta aika ne ga wani babban malamin mishan da ke aiki a Jamus, Bonifas, ɗan'uwan mahaifiyarta. Ku lura da yadda ta jera maganarta. Ta fara tuna masa abotarsa da mahaifinta, wanda ya rasu shekara takwas kafin nan, ta roƙe shi ya sa shi a addu'a. Ta gaya masa mahaifiyarta na raye amma ciwo ya daɗe yana cin ta. Ta ce ita kaɗai ce 'yarsu, tana roƙon ya riƙe ta a matsayin 'yar'uwa, don ba wani namiji a danginta da ta dogara da shi kamarsa. Ta haɗa da 'yar ƙaramar kyauta. Sannan ta sa baituka huɗu da ta tsara, ta faɗi cewa a wurin malamarta Eadburg ta koyi wannan fanni, ta roƙe shi ya gyara mata kurakuran rubutunta, ya kuma aiko mata da nasa ta yi koyi.

Yarinya marainiya ce ke rubuta wa babban mutum, amma ba kuɗi ta roƙa ba, ba muƙami ba. Gyara ta roƙa. Ba ta ƙasƙantar da kanta har ta ɓoye abin da ta iya ba, ga baitukanta ta aika. Ba ta kuma cika baki ba, ta ambaci wadda ta koya mata. A yau mutum kan yi rubutu ya ɗora a Facebook, ya zauna jiran yabo, wanda duk ya nuna masa kuskure ya zama maƙiyi. 'Ya'yana, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda ya ɓata lokacinsa ya duba aikinka ya ce nan ba daidai ba ne, ya fi ƙaunarka a kan ɗari da suka tafa maka suka wuce. In za ku nemi babba, ku neme shi da abin da kuka riga kuka yi a hannu, komai ƙanƙantarsa, ku ce a duba muku. Manya ba sa manta yaron da ya zo musu ta wannan ƙofa.

Bonifas ma bai manta ba. Shi mutumin Wessex ne, sunansa na asali Wynfrith, ya bar gida yana wa'azi a yankunan Hesse da Thuringia da Bavaria, inda wasu ke bin addinin gargajiya, wasu kuma Kiristoci ne da suna kawai. Ya yi suna wajen 723 lokacin da ya sare wata babbar bishiya da mutanen Geismar ke tsafi da ita. Amma ya gane cewa gatari ba ya koya wa kowa karatu. Sai ya riƙa aikawa gida Ingila a turo masa littattafai da malamai, maza da mata. A 744 almajirinsa Sturm ya kafa gidan zuhudu na maza a Fulda. Mata kuwa suna buƙatar uwa, sai ya rubuta wa Tetta ta ba shi Leoba. Tetta ba ta so rabuwa da ita ba, amma ta sake ta.

Kafin nan, in ji Rudolf, Leoba ta yi mafarki wani jan zare na fitowa daga bakinta, tana ja yana ƙara fitowa, har ta naɗe shi ya cika mata hannu. Wata tsohuwa a gidan ta fassara cewa zaren shawara ce mai hikima da za ta riƙa fitowa daga zuciyarta, kuma amfaninta zai kai ƙasashe masu nisa. Wajen 748 ta ƙetara teku. Aka damƙa mata gidan mata a wani gari da ke bakin kogin Tauber, wanda yau ake kira Tauberbischofsheim. Ba ita kaɗai ce macen Ingila da ta yi wannan hijira ba. 'Yar'uwarta Thecla ta shugabanci gidajen Kitzingen da Ochsenfurt, Walburga kuma ta riƙe na Heidenheim. Mata ne da suka bar harshensu da danginsu a zamanin da wasiƙa ke yin watanni a hanya.

A nan ne halinta ya fito sosai. An ce littafi ba ya barin hannunta sai in za ta yi ibada, ko ci, ko barci. Ta san Tsohon Alkawari da Sabo, ta karanta rubuce-rubucen magabatan ikkilisiya da dokokinta. Duk da haka ba ta yarda almajiranta su kashe kansu da kwana-zaune ba. A lokacin zafi, in an gama cin abincin rana, takan sallami kowa ya je ya kwanta, ita ma ta kwanta. Dalilinta shi ne rashin barci yana dusashe basira, musamman ga mai karatu.

Ku ɗan leƙa ɗakinta a irin wannan lokaci. Gida ya yi tsit. Ta kishingiɗa, idanunta a rufe. Wata yarinya na zaune gefen gadon da Littafi Mai Tsarki a cinya tana karanta mata, domin al'adarta ce a riƙa yi mata karatu in ta kwanta, 'yan matan suna karɓa-karɓa. Yarinyar ta saci kallon fuskar uwar, ta ga kamar barci ya yi nisa, sai ta tsallake kalma ɗaya da gangan. Nan take uwar ta gyara mata. Waɗanda suka yi wannan aiki sun faɗa daga baya cewa sun sha gwada ta haka, ba su taɓa sha ba. Abin da ya fi burge ni a nan ba ƙarfin haddarta ba ne. Yaran ne da suka iya yi mata wannan wasa. Da tsoronta suke ji irin tsoron waccan ta Wimborne, wa zai kuskura? Sun san za ta kama su, sun kuma san ba za ta ci mutuncinsu ba.

Haka take a wajen ci. Takan zauna ta ci tare da kowa, amma kaɗan, har 'yan gidan suka sa wa ɗan ƙaramin kofinta suna saboda ƙanƙantarsa. Ba ta tilasta wa kowa ya bi ma'auninta ba. Baƙo in ya zo, ko da azumi take, sai ta sa a shirya masa abinci, ta wanke masa ƙafa da hannunta bisa al'adar gidajen zuhudu. Fuskarta a sake take, amma ba a jin ta tana ƙyaƙyata dariya, kuma ba ta bari rana ta faɗi tana riƙe da fushi. Mu ma mun san shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ƙa'idarta ita ce kada ta koyar da abin da ita ba ta aikatawa.

To, ku ɗalibai, ku ji. Kwana uku ba barci gab da jarrabawa ba ƙoƙari ba ne, biyan bashin watannin da aka yi wasa ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya raba dare yana danna waya, da wanda ya raba dare yana tilasta wa kansa karatun da ba ya shiga, duka biyun gari zai waye musu da kai mai nauyi. Haka ibada, haka neman kuɗi. Na ga samari da yawa sun ɗauko abu da zafi, wata biyu sun yar. Ku ɗauki abin da za ku iya ɗauka kullum, ku dawwama a kai. Sannu ba ta hana zuwa.

Kada ku zaci zaman ya tafi lafiya ƙalau. Akwai wata gurguwar yarinya mai bara da ke zama a ƙofar gidan, kullum ana ba ta abinci daga na uwar, ana ba ta sutura. Ta yi ciki, ta ɓoye, ta haihu da dare, ta jefa jaririn a ruwan da ke ratsa wurin. Da safe wata mata ta zo ɗiban ruwa ta ga gawar, ta kwarma ihu, ta ce ga aikin masu cewa su tsarkaka ne, sun haihu sun kashe, sun kuma ɓata wa gari ruwan sha. Gari ya taru. Ku tuna shugabar gidan baƙuwa ce, kuma baƙo shi ake fara nuna wa yatsa.

Me Leoba ta yi? Ba ta fita ta yi cacar baki da taron ba. Ba ta kuma rantse a kan mutanenta ido rufe ba. Ta tara 'yan gidan ta ƙidaya su. Aka ga kowa na nan sai Agatha, wadda iyayenta suka kira gida don wata larura, da izini ta tafi. Ga hanya mai sauƙi ta buɗe: a jingina wa wadda ba ta nan, gari ya huce. Leoba ta aika aka kira ta, ta saurare ta, ta gamsu ba ruwanta, ta kwantar mata da hankali. Sannan ta sa duk gidan suka shiga coci suka karance Zabura hannuwa a miƙe, suna kuma zagaya gidan da addu'a sau uku a yini. Ana cikin haka yarinyar nan mai bara ta fito gaban jama'a ta faɗi abin da ta yi.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, wannan kun sani. Abin da nake so ku ƙara da shi shi ne jerin matakan: bincika gidanka tukuna, kada ka sayar da na ƙasa da kai don ka tsira, sannan ka yi haƙuri gaskiya ta yi halinta. A zamaninku ƙazafi na zaga gari kafin a gama shan shayi, kuma hannu na ƙaiƙayin mayar da martani. Ku riƙe hannun. Akwai kuma wani darasi da marubucin bai tsaya a kansa ba, amma ni yana damuna. Yarinyar nan watanni ta yi da ciki a bakin ƙofa, kullum ana miƙa mata kwano, ba wanda ya lura. In kuna ba mabuƙaci sadaka, ku riƙa duban fuskarsa, ku tambaye shi lafiyarsa. Wani lokaci abin da ke cinsa ba yunwa ba ce.

Da Bonifas ya kusa shekara 80, sai ya yi niyyar komawa wa'azi a Frisia, can arewacin ƙasar Holan ta yau. Kafin ya tashi ya kira Leoba. Ya roƙe ta kada ta bar ƙasar da ta yi hijira zuwa gare ta, kada kuma tsufa ko tsawon lokaci su sa ta gaji. Ya ba ta rigarsa ta zuhudu. Ya damƙa amanarta ga magajinsa Lull, bishop na Mainz, da dattawan Fulda, ya ce in ta rasu a sa ƙasusuwanta kusa da nasa a kabari ɗaya. Ranar 5 ga Yuni, 754, aka kashe shi tare da mutanensa kusa da Dokkum.

Wanda ya kawo ta ya tafi. Da ta tattara ta koma Ingila, ba mai ganin laifinta. Ta zauna shekara 28 bayansa. Takan je Fulda yin addu'a a inda aka binne shi, gidan da ba a barin mace ta shiga, ita kaɗai aka yi wa wannan alfarma. Ku dubi yadda ta riƙe alfarmar: takan bar 'yan rakiyarta a wani masauki kusa, ta shiga da rana tare da dattijuwa ɗaya, ta yi addu'arta, ta gana da dattawan, ta fita kafin dare. An buɗe mata ƙofa, ba ta ɓalle ƙyauren ba. Da yawa daga cikinmu alfarma ce ke kayar da mu. A ba mutum aron ɗaki kwana biyu, sai ya kafa ƙusa ya rataye kayansa. In aka yi muku abin da ba a yi wa kowa ba, ku ƙara kiyaye iyaka, don saboda kiyayewar aka yi muku tun farko.

Sunanta ya kai fada. Sarki Pippin na mutanen Frank ya girmama ta, haka 'ya'yansa Sharlaman da Karloman. Bishop-bishop kan tattauna al'amuran ikkilisiya da ita saboda iliminta. Sarauniya Hildegard, matar Sharlaman, ta ƙaunace ta ƙwarai, ta so a ce kullum suna tare. Leoba takan amsa kira, ta ba da shawara, ta koma wurin almajiranta, domin Rudolf ya ce ta tsani hayaniyar fada kamar guba. Ba ta raina masu mulki ba, ba ta kuma tare a gindinsu ba. Shi ya sa maganarta ta yi nauyi a kunnensu. Mai shawarar da abincinsa ke hannun sarki, sannu a hankali sai ya koma faɗin abin da sarki ke son ji. Watarana wani cikinku zai samu shiga wurin gwamna ko attajiri. Ka je da mutuncinka, ka faɗi gaskiya cikin ladabi, ka kuma tabbata kana da aikin da za ka koma wa. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Da tsufa ya kama ta, ta daidaita al'amuran gidajen da ke ƙarƙashinta, ta sauka, ta koma Schornsheim kusa da Mainz bisa shawarar Lull. Ba ta jira sai an ture ta ba. Hildegard ta aika ta zo Aachen su gana, ta je don tsohuwar ƙauna, ta yi mata bankwana, ta ce ba za su sake ganin juna a duniya ba. Ba da daɗewa ba ta kwanta ciwo, ta rasu ranar 28 ga Satumba, 782. Aka kai gawarta Fulda. Dattawan suka ji nauyin buɗe kabarin Bonifas, sai suka binne ta a gefe cikin cocin. Daga baya aka mayar da ƙasusuwanta kan tudun Petersberg kusa da Fulda, inda kabarinta yake har yau. Kiristocin Katolika na tunawa da ita kowace 28 ga Satumba, kuma a ƙarni na 20 an kafa wata ƙungiyar sistoci da sunanta a birnin Freiburg.

Ba ta bar littafi ba, wasiƙa ɗaya ce da baituka huɗu. Gadonta mutane ne. Rudolf ya ce da wuya a samu gidan zuhudu na mata a wannan yanki da ba almajirarta ce ke koyarwa a ciki ba. Waɗannan mata su ma suka koyar da wasu, a zamanin da karatu ya yi wuya ko ga 'ya'yan sarakuna. Ku 'yan mata musamman, kada wani ya ce muku zurfin ilimi na rage wa mace kunya ko natsuwa. Ku samari kuma, in Allah Ya ba ku 'ya'ya mata ko ƙanne, ku tsaya musu su yi karatu, don mace ɗaya mai ilimi takan ɗauki gari guda.

Abin da nake roƙonku ba mai yawa ba ne. Ku samu wanda zai riƙa gyara muku aiki, ku gode masa. Ku yi barci a lokacinsa, ku yi karatu a lokacinsa. In an ɗora ku a kan wasu, ku tsare doka ba tare da kun karya zuciya ba. In an yi muku ƙazafi, ku bincika kafin ku buɗe baki. In kun ɗauki alkawari, ku riƙe shi ko bayan ran mai shi. Allah Ya ba ku ilimi mai amfani da natsuwar riƙe shi, Ya haɗa ku da malamai masu tausayi, Ya sa ku ma ku zama haka ga na bayanku. Amin.